Na yafe masa, amma zuciyata ta ƙi yarda da shi. Ni ce mai riƙo?

Ummu_Hanan
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tofa nawa ba, yau dai abin ya ci tura. Shekararmu takwas da aure, 'ya'ya uku. Bara maigidana ya rasa aikinsa bai faɗa min ba. Wata huɗu cur yana tashi da safe, ya yi wanka, ya sa kaya, ya ce sai ya dawo. Ashe bashi yake ci yana rufa mana asiri. A bakin matar abokinsa na ji, ta zo yi min jaje tana zaton na sani. Ku auna kunyar da na sha a gabanta.

Da na tambaye shi bai musa ba. Ya ce ba ya son hankalina ya tashi ne, ina da tsohon ciki a lokacin. Ya ba ni haƙuri, na ce na yafe, kuma har ga Allah na yafe. Tuni ya samu wani aikin. Amma yanzu ko "ina hanya" ya ce min sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Shi kuma cewa yake in da gaske na yafe, da maganar ta mutu. Tambayata: wanda ya yafe dole ne ya yarda? Ko dai ni ce mai riƙo?

Baban_Khalifa
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa ki gode wa Allah. Wannan ba maƙaryaci ba ne, namiji ne da ya rungumi wahala shi kaɗai. Da wata ya ɓoye miki, ko caca, da sai mu ce wani abu. Mutum ya hana idonsa barci don naki ya samu, sannan ki ce ba ki yarda da shi ba? Ki cire wannan a ranki.

Gaskiya_Ɗaci
Baban Khalifa, ƙaya ce da za a sa allura a cire? Wata huɗu fa. Kwana ɗari da ashirin ke nan, kullum da safe sabuwar ƙarya, da yamma ta ce ya aiki ya ce alhamdulillahi. Ai ba ta ce mugu ba ne. Abin da ta gano shi ne mijinta zai iya kallon ƙwayar idonta ya faɗi abin da ba shi ba, fuskarsa ko gezau. Wannan sanin ba ya goguwa don an ce yi haƙuri.

Yar_Auta
Ni matar abokin nan ce ta fi tsaya min. Wato aboki ya sani, matarsa ta sani, matar gida ce kaɗai baƙuwa a gidanta.

Malam_Nazari
Ummu Hanan, amsar a taƙaice: a'a, ba dole ba ne, kuma ke ba mai riƙo ba ce. Yafiya aikin mutum ɗaya ne. Kina iya yafe wa wanda ya mutu, ko wanda bai ma san ya yi miki laifi ba. Yarda kuwa aikin mutum biyu ne, ba ta dawowa sai ɗayan ya yi ta nuna hali ana gani. Akwai wani farfesan ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Everett Worthington, da ya shafe shekaru masu yawa a kan binciken yafiya. A farkon 1996 aka shiga gidan mahaifiyarsa aka kashe ta, ya ce ya yafe wa wanda ya yi, to kin ga ba daga littafi kawai yake magana ba. Shi ma ya raba su biyu: yafewa daban, sulhu da dawo da aminci daban. Har yafiyar ma ya ce iri biyu ce, akwai ta yanke shawara cewa ba zan rama ba, akwai ta zuciya inda ɗacin ke gushewa, kuma ta biyun takan makara. Ke kin yi ta farko. Abin da ke tokare miki ƙirji ba zunubi ba ne, jikinki ne ya koyi darasi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Baban_Khalifa
Malam, to sai yaushe ke nan? Mutum ya yi ta zama a gidansa kamar wanda aka ba beli?

Hajiya_Babba
'Yata Ummu Hanan, shekarata 31 a ɗakin miji, bari in faɗa miki abin da na gani. Haƙuri iri biyu ne, amma suna ɗaya muke kiran su, shi ya sa ake cutar mutane da kalmar. Akwai haƙurin haɗiyewa, ki danne ki yi murmushi. Na yi shi shekara goma na farko, abin da na samu shi ne ranar da muka yi faɗa a kan makulli sai na kwaso masa laifin shekara bakwai, shi ya tsaya yana kallona kamar na zautu. Akwai kuma haƙurin zama da magana har ta nuna: yau a taɓa ta a tashi ba a gama ba, jibi a koma, ba a fasa gaisawa da safe ba. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin sai kin jure ganin ransa ya ɓaci ba ki janye ba, kuma ba ki zage shi ba.

Mijinki ma haƙurin haɗiyewa ya yi, kin gani? Ya danne wata huɗu yana ganin jarumta ce. Yanzu yana so ke ma ki yi irin nasa. Kada gidanku ya zama gidan da kowa ke kare kowa da ɓoye-ɓoye.

Yar_Auta
Hajiya Allah ya ƙara girma. Wannan ta makulli ta same ni, ni da yayata ce ma ba miji ba.

Zinariya
Don Allah a riƙa bambancewa dai. Duk lokacin da aka fara yabon haƙuri gabana faɗuwa yake, saboda na san wadda aka yi ta ce wa ta jure har aka karya mata hannu. Inda akwai duka, ko barazana, ko an raba mutum da danginsa da abin hannunsa, ba maganar gina yarda ake ba, maganar tsira ake. Na Ummu Hanan ba haka ba ne, na sani, amma akwai masu karantawa a ɓoye.

Hajiya_Babba
Gaskiyarki Zinariya. Ban taɓa ce wa 'yar kowa ta zauna a doke ta ba, ba kuma zan fara ba.

Ɗan_Lissafi
Ku bar ni in shigo da kwamfuta cikin maganar aure, kowa da kiwon da ya karɓe shi. A 1980 wani masani Robert Axelrod ya shirya gasa tsakanin manhajoji. Wasan shi ne biyu-biyu ake haɗa su, a kowane zagaye kowace ta zaɓi ta ba da haɗin kai ko ta ci amana, a yi ta maimaitawa. Masana sun turo dabaru masu sarƙaƙiya, amma wadda ta ci ita ce mafi gajarta, ta Anatol Rapoport: fara da alheri, daga nan ka yi wa abokin wasa abin da ya yi maka a zagayen baya. Aka sake gasar da manhajoji sama da 60, kowa ya san sirrinta, ta kuma cinyewa. Ba ta fara cuta, ba ta yarda a taka ta, kuma da ka gyara ta gyara.

Amma ga inda ya fi burge ni. Daga baya aka sa kuskure cikin wasan, wato wani lokaci ka yi nufin alheri ya isa a matsayin cuta. Sai aka ga in biyu masu ramuwa suka haɗu, kuskure ɗaya ya isa su yi ta rama wa juna ba iyaka. Wadda ta fi dacewa a nan ita ce mai kau da kai jefi-jefi. Ba kullum ba, jefi-jefi.

Gaskiya_Ɗaci
Ɗan Lissafi, Allah ya ba matarka haƙuri. Ina jin in ta yi fushi allo kake ɗaukowa.

Ɗan_Lissafi
Anti ban yi auren ba tukuna.

Gaskiya_Ɗaci
Ai na gani.

Sarkin_Musu
Ni fa wannan kawo sunayen Turawa ya ishe ni. Farfesa kaza, gasa kaza. Mutanen da aurensu ke mutuwa kamar me su ne za su koya mana zama? Mu da aka faɗa mana tun tuni cewa an sanya soyayya da jinƙai a tsakanin ma'aurata, a Suratur Rum aya ta 21. Aka kuma ce alamar munafuki uku, ciki har da in ya yi magana ya yi ƙarya, in aka amince masa ya ci amana. Me ya rage?

Malam_Nazari
Sarkin Musu, ba sabon hukunci suka kawo ba, ƙirge suka yi. Ayar da ka kawo ma ka lura kalma biyu ta ambata, soyayya da jinƙai, domin akwai ranar da ta farkon ke yin sanyi sai ta biyun ta riƙe gidan. Kuma ba duk binciken a kan Turawa aka yi ba. Mary Ainsworth, wadda aikinta ya zama ginshiƙin fahimtar yadda yaro ke koyon yarda da mutane, a Yuganda ta fara shi a 1954, tana shiga gidaje tana kallon uwaye da jariransu. Abin da ta gani shi ne yaron da in ya yi kuka ake amsa masa, shi ne yake sakin jiki ya rarrafa nesa, don ya san in ya waiwayo za a same ta. Yarda ke nan a asalinta: in na kira za a amsa. Babba ma haka yake, kukan ne kawai ya canja salo.

Baƙo_77
Da sabon suna na shigo don wasu a nan sun san ni. Na yi irin abin da mijin Ummu Hanan ya yi. Nawa kasuwanci ne ya rushe, wata bakwai ina ɓoyewa.

Baban Khalifa, na gode da kare mu da kake yi, amma bari in faɗi gaskiya. Na ce wa kaina don ita nake yi. Ƙarya ne, ko in ce rabi ne. Abin da nake tsoro shi ne fuskarta. Yadda take kallona in na shigo, kamar babu abin da zai gagare ni, shi ne ba na so ya canja. Kaina nake karewa. Kuma ranar farko ce kawai mai wuya, daga nan kullum faɗa yana ƙara tsada, domin yanzu ba asarar kaɗai za ka bayyana ba, har da ƙaryar jiya da ta shekaranjiya.

Da ta sani, ni ma na yi ta cewa ba kin ce kin yafe ba? Abin da nake nufi shi ne ki daina tuna min ni wane ne. Duk tambayar da ta yi sai in ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Sai wata rana ta ce min: "Ba talaucin ne ya ƙona ni ba. Ka yanke hukunci kai kaɗai cewa ni ba wadda za a shiga wuya da ita ba ce." Wallahi sai a ranar na gane laifina. Da ina ba da haƙuri ne a kan kuɗi, ita kuwa ba kuɗi take kuka ba.

Shekara biyu ke nan. Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Abin da na koya shi ne in riga ta faɗa. In abu ya lalace, ko ƙarami ne, ta ji a bakina a ranar.

Yar_Auta
Kai. Na karanta sau uku.

Baban_Khalifa
Baƙo, na ji ka, kuma ba zan musa maka abin da ke zuciyarka ba. Amma ba kowace mace za a faɗa wa ba. Akwai wadda in ka ce aiki ya tafi, kafin magariba uwarta da ƙawayenta sun ji, raini kuma ya shigo. Ita ma mace sai ta zama wurin da za a iya ajiye magana.

Gaskiya_Ɗaci
A nan kam ban ƙi taka ba. Wanda duk ya kawo mummunan labari aka yi masa kaca-kaca, gobe ba zai kawo ba. Amma a gwada ta tukuna kafin a yanke mata.

Mai_Sulhu
Aikina sasanta ma'aikata ne, kuma abin da Baƙo ya faɗa kullum nake gani: a ba da haƙuri a kan abin da ba shi ne ciwon ba. A 2016 wani masani Roy Lewicki da abokan aikinsa sun gwada sassa shida na ban-haƙuri a kan mutane sama da 700, don su ga wanne ya fi tasiri. Na farko shi ne amsa laifi ƙarara, ni na yi, kuskurena ne. Na biyu shi ne faɗin yadda za ka gyara. Wanda ya zo ƙarshe, har suka ce in dole a bar ɗaya shi za a bari, shi ne roƙon a yafe maka. To mu kuma da shi muke farawa, da shi muke ƙarewa. "Ki yafe min" buƙata ce, ka sake ɗora wa wanda ka ɓata wa wani aikin.

Anti_Nas
Ina so in taɓa ɓangaren tausayi, don na ga ana ɗaukar sa kamar shi ne a sallama. Shekara 14 ina aikin jinya. Da na fara aiki, duk majinyacin da ya yi kuka sai in tafi da kukansa gida, cikin shekara biyu na ƙone, na zama mai tsawa. Wata babbarmu ce ta ce min: ba a ce ki shiga ramin tare da shi ba, ki tsaya a baki ki miƙa hannu. Daga baya na karanta aikin Tania Singer da Olga Klimecki a Jamus. Sun horar da mutane su riƙa jin zafin wasu kamar nasu, sai damuwarsu ta ƙaru. Da aka koya musu tausayi, wato fatan alheri da niyyar taimako, sai damuwar ta sauka, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba sassa ɗaya ne ke aiki ba.

Ummu Hanan, kina iya tausaya masa ki kuma ce ina so in san bashin nawa ne. Ba sa karo. Ki kuma tausaya wa kanki, ki daina tuhumar zuciyarki don ba ta warke a ranar da aka ce ta warke ba. Ni ban taɓa ganin ciwon da ya rufe don mai shi ya ji kunya ba.

Tambaya ɗaya: kin taɓa tambayarsa a ina yake wuni a wata huɗun nan?

Ummu_Hanan
Anti Nas, wallahi ban taɓa ba. Ban san me ya sa ba. Ina jin tsoron amsar nake.

Sarkin_Musu
To ta duba wayarsa mana ta huta.

Zinariya
A'a! Na bi wannan hanyar. Ranar da ba ki ga komai ba za ki samu sauƙin awa biyu, sai zuciya ta ce ai gogewa ya yi. Ba ta da ƙarshe. Ga shi kuma kin zama mai ɓoye naki, ku biyu ke nan. In shi ya miƙo da kansa daban ne.

Baƙo_77
Haka ne. Ni na buɗe mata komai na shige da ficen kuɗi ba ta roƙa ba. Wata uku tana dubawa, daga baya ta daina da kanta. Da ƙwata ta yi, da har yau muna kai.

Ɗalibar_Halayya
Bari in ƙara wani abu daga karatunmu. Wani masanin halayyar ɗan Adam, John Gottman, ya yi shekaru yana ɗaukar ma'aurata a bidiyo a jami'ar Washington, har da wani gida da aka shirya suke wuni a ciki ana kallon zamansu. Ya lura da abin da ya kira neman kulawa: ƙananan abubuwa, kamar "zo ki ga wannan", ko ajiyar zuciya, ko "yau na gaji". Da aka waiwayi sababbin ma'aurata bayan shekara shida, waɗanda ke tare sun kasance suna amsa irin wannan kira kashi 86 cikin 100, waɗanda suka rabu kuwa kashi 33. Wato yarda ba a ranar babban rantsuwa ake gina ta ba, a irin "ina hanya" ɗin nan ne. Ya ce minti ashirin ya iso a minti ashirin, ko ya kira ya ce zan makara. Sau ɗari, sau ɗari biyu, har ƙirjin ya daina tokarewa.

Ya kuma ce a cikin halaye huɗu masu rusa aure, suka, raini, kare kai da yin gum, raini ne ya fi kowanne. Kuma in bugun zuciya ya haura 100 a minti ana cikin gardama, kunne ya toshe ke nan, gara a tashi aƙalla minti 20 a dawo. Amma a faɗi lokacin dawowa, in ba haka ba ya zama gudu.

Malam_Nazari
Daidai ne, sai dai a yi hattara da iƙirarin da ake yaɗawa cewa yana hasashen saki da sama da kashi 90. Masana sun soki wannan, domin an gina lissafin ne bayan an riga an san waɗanda suka rabu. Abubuwan da ya lura da su suna da amfani, amma ba duba ba ne.

Sarkin_Musu
Kun gani ko? Su da kansu ba su yarda da juna ba.

Uwar_Biyu
Sarkin Musu ka sha ruwa. Ni abin da ya kwantar min da hankali tun ina sabuwar uwa shi ne aikin Edward Tronick, mai gwajin nan na 1975 da uwa ke daskarar da fuska a gaban jaririnta na ɗan lokaci, yaron ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, har ya fashe da kuka, ta saki fuska su shirya. Ya gano cewa ko uwa da ɗanta masu lafiyar shaƙuwa, kusan kashi 30 na lokaci ne kawai suke dacewa da juna. Sauran duk saɓani ne da gyara. Uwa da jinjirinta fa! To ina ga baligai biyu da kowa ya zo da halinsa? Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Ni yanzu ba na auna zumunci da rashin faɗa, da saurin dawowa nake aunawa. Ina da ƙawar da ba mu taɓa saɓawa ba shekara tara, ranar da muka saɓa ba mu san hanyar komawa ba, har yau.

Malamar_Aji
Ba wanda ya tambayi yaran. Babban ya kai shekara bakwai ko? Suna ji fa, ko ba a yi a gabansu ba. Ba cewa nake a zaunar da su a ba su labari ba, amma in sun ga fuska a ɗaure su kuma ga an shirya. Wata mai bincike Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a gidajen talauci da rigima, kusan ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a labarinsu shi ne akwai babba aƙalla ɗaya da ya tsaya musu, kaka ko gwaggo ko malami. Muna cewa wane mai juriya ne kamar da ita aka haife shi. Sau da yawa wani ne ya riƙe shi. Mijinki ya so ya jure ba mai riƙe shi, kin ga inda ta kai.

Baban_Khalifa
Duk na ji. Amma har yanzu ina ganin an yi wa mutumin nan taron dangi, shi ba ya nan ya kare kansa.

Hajiya_Babba
Ɗana, ba wanda ya ce ta bar shi ko ta raina shi. Baƙo ma da ya yi irin laifin ai ba zaginsa muka yi ba.

Ummu_Hanan
Na dawo. Jiya bayan yara sun yi barci na tambaye shi tambayar Anti Nas. Da farko ya ce wai me ya kawo wannan kuma. Na ce ba faɗa nake nema ba, so nake in sani. Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Sai ya ce da safe yana zagaya ofisoshi da takardunsa, in rana ta take ya samu inuwa ya zauna yana kallon agogo har lokacin tashi daga aiki ya yi, don kada ya dawo da wuri in gane. Ranar da na haihu ma daga wurin zaman nan aka kira shi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai jiya.

Na faɗa masa maganar matar Baƙo, na ce ni ma abin da ya ci ni ke nan. Bai ce komai ba, amma bai ce ba kin yafe ba. Na tambayi bashin, ya faɗi mutum biyu, na uku ya ce sai ya shirya. Ban matsa ba. Ban sani ba ko daidai na yi.

Yau da yamma ya turo "ina hanya". Abin ya tokare ni dai, ba zan yi muku ƙarya ba.

Gaskiya_Ɗaci
Na ukun nan fa? Ni shi zan sa wa ido. Ki ba shi lokaci amma ki sa rana.

Baƙo_77
Ina jin ɗan'uwanki ne ko wani naki, shi ya sa ya yi masa nauyi. Nawa haka ya kasance. Kada ki yi mamaki in kin ji sunan.

Baban_Khalifa
In ya faɗa kuma kada a je a tayar da maganar a dangi. A nan ne za a gane ko ya yi daidai da ya buɗe baki.

Anti_Nas
Ya iso a kan lokaci?

Ummu_Hanan
Ya makara da minti goma. Amma ya kira.